Mita ɗaya ko biyu: abin da muhawarar ta tsallake

Lokacin annobar korona a 2020, muhawarar bayar da tazara a Facebook da Twitter ta maƙale a kan lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mita 1, Amurka ta ce ƙafa 6 (kusan mita 2), Birtaniya ta ce mita 2. Sai jama'a suka ɗauka masana ma lalube suke yi. Har yau abin yana damuna, domin babu wani saɓani a ciki.

Manyan ɗigon yawun da tari ko atishawa ke fesowa kusa suke faɗuwa, shi ya sa duk takun da ka ja baya yana rage haɗari. Amma ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, suna iya daɗewa suna shawagi a iska. A nan aka fi tafka kuskure: a jera kujeru nesa-nesa, a manna tef a ƙasa, sannan a rufe tagogi ruf, a kwashe awa biyu ana magana da ƙarfi. Mita biyu ba ta tare iskar ɗakin nan.

Lokaci ma yana cikin lissafi. A 2020, CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ɗauki minti 15 a kusa da mai cutar a matsayin cuɗanya mai haɗari. Kuma mutum kan fara yaɗa ta kwana biyu kafin alama ta bayyana, don haka "ai lafiyarsa ƙalau" ba hujja ba ce.

Idan zaman ya zama dole, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, takunkumi ya rufe har hanci, a taƙaita taron.