Alhamis, ranar sunan ɗan facalata

Yau aka yi sunan jaririn facalata, ɗanta na uku, namiji. Tun da asuba muka isa gidan surukaina, domin Pasto ya ce ƙarfe shida da rabi zai zo, kafin ma'aikata su watse. Hazo ya rufe duwatsun Kufena ruf, sanyi kuma har cikin ƙashi. Maigida ya tsaya wajen maza a ƙofar gida, ni na wuce madafa na karɓi tandar waina daga hannun ƙanwarsa, wadda tun ƙarfe huɗu take fama.

Pasto ya karanta Zabura ta 127, inda aka ce 'ya'ya gado ne daga wurin Ubangiji, ya yi addu'a, ya raɗa suna, mata suka rangaɗa guɗa. Aka raba goro da alewa. Da na shiga ɗakin mai jego na kai mata kunun kanwa, sai ta miƙo mini yaron. An sa masa kwalli, an naɗe shi a cikin rigar da na ɗinka masa, hannun rigar ya yi masa tsawo har ya rufe 'yan yatsunsa. Na naɗe hannun, sai ya damƙe babban yatsana ya ƙi saki. Allah ya sani farin cikina a lokacin na gaske ne. Facalata mace ce mai kirki, ba ta taɓa yi mini gori ba ko da wasa.

Ina riƙe da shi Gwaggo ta shigo, yayar baban Maigida. Ɗakin cike da mata. Ta ce, "Amarya, ya yi miki kyau a hannu. To ke sai yaushe? Kullum sai dai ki goyi na wasu?" Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Shekaru sun ja da aurena, waɗanda aka kawo bayana duk an koma kiran su Maman wane, Maman wance, ni ce har yau Amarya. Na ce, "Gwaggo, lokaci na Allah ne." Ta ce, "Allah ya ce tashi in taimake ka." Daga baya ta ja ni bayan rumbu, ta kwance bakin zanenta ta ba ni wata 'yar takarda mai lambar waya. Wai wani mai addu'a ne a Kaduna, ana azumin kwana uku ba ci ba sha, a sayi man zaitun a wurinsa, sannan a shuka iri, wato a ba shi kuɗi, gwargwadon girman bukata. Ba da mugunta ta yi ba, na san haka. A ganinta macen da ba ta haihu ba tana tsaye ne a bakin ƙofar gidan miji, ba ta shigo ba tukuna, ita kuma so take ta shigo da ni. Na durƙusa na yi godiya. Da ta tafi na tsaya a wurin na yi kukana, na wanke fuska a randa, na koma kan waina.

Wajen ƙarfe goma na buɗe shago. Ɗinkin ankon Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikkilisiyarmu, ya taru mini, ga babu wuta, sai keken ƙafa. Maƙwabciyata Hajiya mai sayar da atamfa ta leƙo yi mini barka, ta dubi idona, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Allah ya kawo naki masu albarka, ya ba ki haƙurin jira." Na ce amin. Addininmu ba ɗaya ba, amma ita ma ta san zafin wannan magana, domin 'yarta tana cikin irin halin da nake.

Ina taka keke ina tuna abin da likita ta faɗa mana kwanakin baya, ni da Maigida muna zaune a gabanta. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma matsalar tana iya zama daga mace, tana iya zama daga namiji, wani lokaci daga su biyun, wani lokaci a auna komai a rasa dalili. Amma a tsakar gida mace kaɗai ake kallo. Yau babu wanda ya ja Maigida bayan rumbu.

Ƙarfe huɗu na tafi Zumunta, ba don raina yana so ba. Matar Pasto tana gidan suna, sai aka ba Kaka ta yi mana koyarwa. Kowa Kaka yake ce mata. Ta tsufa ƙwarai, a Wusasa aka haife ta, tana yawan ba mu labarin yadda iyayenta suka yi sujada a tsohuwar majami'ar ginin laka ta St. Bartholomew, wadda har yanzu tana nan tsaye, da yadda Likita Miller, Bature ɗan mishan, da abokan aikinsa suka yi ta fama har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Da irin wannan tsohuwar fassarar ta koyi karatu, kuma ita take riƙewa har gobe. Bangon littafin ya rabu, ta ɗaure shi da ƙyallen atamfa, gefen takardun ya yi baƙi saboda yatsa. Ba ta iya ganin rubutun sosai yanzu, sai ta buɗe wurin ta miƙa wa wata yarinya ta karanta, ita tana bi da baki.

Ayyukan Manzanni sura 9 ta zaɓa, labarin Dokas ta garin Yafa. Mace mai ɗinki, mai taimakon matalauta. Ta yi ciwo ta mutu, aka yi mata wanka aka kwantar da ita a bene, aka aika mutum biyu Lidda su kira Bitrus. Da ya zo, gwauraye suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Kaka ta ɗaga hannu ta tsayar da mai karatu. Ta ce, "'Ya'yana, ku duba mini da kyau, ku da idonku yake gani. Ina aka rubuta sunan mijinta? Ina aka rubuta 'ya'yanta nawa?" Muka duba, babu. Ta ce, "Abin da aka rubuta shi ne almajira ce. Da wannan Allah ya gabatar da ita ga duniya, kuma ya ishe ta."

Kaka ba ta je gidan suna ba, ba ta san abin da ya faru ba. Ni dai na kasa ɗaga kai. Tun safe nake auna kaina da mudun Gwaggo, ina ganin ban cika ba, ga Littafin da nake karantawa tun ina yarinya yana kiran mace da abin da take a gaban Ubangiji.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna a ikkilisiyoyinmu, yau zan rubuta shi. In za a ƙarfafa mace irina, Saratu ake kawowa, da Hannatu, da Alisabatu, kuma kullum wa'azin yana ƙarewa da jariri a hannu. Lokacin shaida ma haka ne: wadda ta samu ita ke fitowa gaba da rawa. Ban taɓa ganin an ba wata dama ta tsaya ta ce, "Na roƙa, ban samu ba tukuna, amma Ubangiji bai yashe ni ba." Sai mu da muke jira mu riƙa jin kamar bangaskiyarmu ce ta gaza, ko akwai wani zunubi a ɓoye. Daga nan ne masu sayar da man zaitun suke samun kasuwa. Alhali ko labarin Hannatun, in an karanta a hankali, a 1 Sama'ila sura 1 an ce bayan ta zuba zuciyarta a gaban Ubangiji a Shilo, ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta daina nuna baƙin ciki. A lokacin ba ta da ciki. Kishiyarta Feninna tana nan da bakinta, babu abin da ya sauya a gidan. Abin da ta samu a wurin addu'a shi ne tabbacin an ji ta.

Yesu da kansa, a Luka sura 11, wata mace ta ɗaga murya cikin taro tana sa wa cikin da ya haife shi albarka da nonon da ya sha. Bai raina mahaifiyarsa ba, amma ya ce albarka ta fi tabbata ga masu jin maganar Allah suna kiyaye ta. Ya buɗe ƙofar ga kowa, mai goyo da marar goyo. Ranar da aka yi mini baftisma, kafin in san wanda zan aura, an riga an karɓe ni 'yar Allah. Jinin da aka zubar a kan gicciye domin facalata mai 'ya'ya uku shi aka zubar domina, ba a rage ko ɗigo ba. Ina son haihuwa, ina so har cikin raina, kuma ba zan daina roƙo ba. Amma ba haihuwa ce za ta mai da ni mutum ba.

Da aka tashi na raka Kaka har gida, ina riƙe mata jaka. A hanya na gaya mata kaɗan. Ta ce, "'Yata, ki girmama Gwaggonki, ki gaishe ta, ki yi mata ɗinki. Amma kada ki ba ta alƙalancin ranki."

Da dare bayan mun ci tuwo na nuna wa Maigida takardar. Ransa ya ɓaci, ya ce gobe zai je ya same ta. Na roƙe shi ya bari, ni zan je da kaina ranar Asabar, in kai mata goro, in gaya mata cikin ladabi cewa ba za mu je Kaduna ba, kuma in roƙe ta in tana da magana ta riƙa kira na gefe, ba a gaban mutane ba. Ya yi shiru, sannan ya ce zai raka ni ya zauna a zaure. Mun yi addu'a tare, mun sa jaririn da mai jego a ciki, da 'yar Hajiya. Ganin likita na gaba yana nan a watan gobe, kuma ya ce wannan karon shi zai fara shiga a yi masa nasa gwajin. Gobe da sassafe zan biya gidan suna in taya su wanke tukwane, in karɓo rigar yaron in rage mata hannu, sannan in koma kan ankon Zumunta, domin ranar Lahadi za a sa shi.