Talata, ni da Baban Joy

Jiya sai wajen ƙarfe biyun dare na kwanta saboda The Family ɗin nan na Netflix, kashi biyar ne na ce wallahi sai na ga ƙarshensa. Yau na makara, Ummi ta tafi makaranta ba kuɗin tara, uwarta ko gaisuwar kirki ban samu ba.

Labarin wata ƙungiyar Kiristoci ce a Amurka, wani Doug Coe ya riƙe ta shekara da shekaru har ya mutu a 2017, mutum ba ya son kamara ba ya son a ji sunansa, amma su ne suka daɗe suna shirya taron addu'a da karin kumallo na Washinton wanda shugabannin ƙasar ke halarta tun 1953 zamanin Eisenhower. Ɗan jaridar da ya tona su, Jeff Sharlet, sai da ya zauna a gidansu na Bajiniya kafin ya rubuta littafi. Ni dai daɗi kamar ya kashe ni, ashe masu yi mana wa'azin a raba addini da siyasa su ma a tsundum suke.

Da na buɗe shago ba ciniki sai na hau karanta sharhin da aka yi wa fim ɗin. Wasu sun yaba, wasu kuma sun ce an ja shi da yawa, an sa ƴan wasa suna kwaikwayon abin da ya faru a gidan, zargi ya fi hujja yawa. Na ce ai dama, nasu ne dole su kare shi.

Ina cikin haka Baban Joy ya shigo karɓar wayarsa, na tare shi da zancen har da ƴar dariyata. Ashe ya kalla tun 2019. Bai yi fushi ba, ya ja benci ya zauna.

"Baban Ummi, ni ban ce ƙarya suka yi ba fa, fastocinmu ma na nan suna bin gidajen gwamnati, na fi ka sani. Amma ka lura da irin kiɗan da ake sawa in an nuno mutane sun sunkuyar da kai suna addu'a? Kamar za su yanka wani."

Na ce to ai gaskiya ce ke da ɗaci. Ya ce to Allah Ya kai mu ranar da Bature zai zo da kamara lokacin zaɓe ya ɗauki malamai ana raba musu kujerar Makka ya ɗora wannan kiɗan, zan zo in ji bakinka. Ya biya kuɗinsa ya fita.

Tun lokacin abin ke cina. Don na tuna wani shirin turawa da aka yi kan arewa, an sa kiran sallah sai ƙarar bindiga ta biyo baya, ranar har zagi na yi a Facebook, na ce sun mai da mu dodanni. Jiya kuwa ko kiɗan ban ji ba. Sam ban ji shi ba, sai da ya faɗa.

Ciniki yau sai a hankali, sikirin biyu kawai na canja. Wuta ba ta zo ba. Na sayo wa Ummi awara don in wanke kaina, ta karɓa ba ta ce komai ba.

Ya manta cajarsa a kan benci. Gobe in ya zo ɗauka ban san ko in tayar da maganar ba ko in yi shiru.