Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hannu Ya Gama, Fenti Bai Gama Ba

Makon jiya na tsaya a inda takardar gayyata ta iso, aka ce ana son zane-zanena a wani baje koli na haɗin gwiwa a Landan. Na san labarin daren buɗewa ake jira, kuma zan zo nan. Sai dai tsakanin ɗakin aiki da bangon da za a rataya zane akwai doguwar hanya, a kanta zane-zane da yawa suke lalacewa, kuma ban taɓa jin an zaunar da ɗalibi an koya masa ita yadda ya kamata ba. Malam, wanda ya koya mini zane, Allah ya ji ƙansa, shi kaɗai ne yake maimaita mana: "Kai yaro, hannu ya gama, fenti bai gama ba." A lokacin ɗauka muke yi yana neman hujjar riƙe mana aiki ne kawai.

Abin da yake nufi shi ne fentin mai ba ya bushewa kamar yadda ruwa yake bushewa. Iska yake sha a hankali, man linsid ɗin da ke cikinsa yana daskarewa daga sama zuwa ƙasa. Launin ƙasa-ƙasa kan kame cikin kwana ɗaya ko biyu, amma fari da ja da rawaya na kadmiyam sai su haura mako suna danƙo. Inda aka labta fenti da wuƙa kuwa, sama za ta yi fata, ciki yana nan ɗanye har watanni. Shi ya sa ba a shafa banish na ƙarshe, wato ruwan sheƙin da yake kare fuskar fenti, sai zane ya yi wata 6 zuwa shekara guda. In baje koli ya matso, akwai banish mai ruwa-ruwa na wucin gadi da yake barin fenti ya ci gaba da shan iska, shi ake shafawa, shafa ɗaya siririya. Kuma tun daga shafen farko ake shirin tafiya: na ƙasa a tsinka shi da tina, kowane shafe na sama ya fi na ƙarƙashinsa mai. Wanda ya juya wannan tsari, na sama zai riga na ƙasa kamewa, ya tsattsage. Sau da yawa tsagar ba ta fitowa a ɗakin aiki, sai bayan girgizar mota da sanyin jirgi. Farin zinki ma na daina amfani da shi a shafen ƙasa tuntuni, domin da ya tsufa gautsi yake yi, ya ɓare daga yadi ɓawo-ɓawo.

Matasan yanzu sun fi son akirilik, fentin da ake damawa da ruwa, saboda saurin bushewa, suna ganin sun huta. Ba su huta ba. Fuskar akirilik ba ta taɓa yin tauri sosai, da zafi ya taɓa ta sai ta yi laushi ta kama duk abin da ya jingina da ita, takarda ce ko leda. In sanyi ya yi tsanani kuma sai ta sandare, ƙaramin bugu ya tsaga ta. Don haka ƙa'idar ɗaya ce ga duka biyun: kada komai ya taɓa fuskar zane.

Ga yadda nake ɗaure zane. Da farko a rufe bayansa da kwali mai kauri, a ɗaure shi da sukuru a jikin katakon firam, domin yawancin ɓarna daga baya take zuwa, gwiwar ɗan dako ko kusurwar wani zanen ta turo yadi. Sannan a zagaye gefuna huɗu da kwali wanda ya ɗara fuskar zanen tsawo da kamar santimita 5, yadda in an lulluɓa leda za ta tsaya a kan kwalin, iska ce kawai tsakaninta da fenti. Sai akwati na filawud mai kaurin milimita 12 ko fiye, a shimfiɗa soso mai tauri na santimita 5 a ƙasa da kusurwoyi. Murfi da sukuru ake rufe shi. Kada a buga ƙusa, domin kowane bugun guduma yana ratsawa har cikin fenti. A zana kibiya a jiki, zane a tsaye yake tafiya, ba a kwantar da shi. In akwai katakon itace tsantsa a jikin akwatin, dole ya zama wanda aka gasa aka buga wa hatimin ISPM 15, wato zafi ya kai digiri 56 a tsakiyarsa na minti 30 don kashe ƙwari. Ba hatimi, jami'an iyaka suna da ikon tsare akwatin ko mayar da shi. Filawud ba ya cikin wannan doka, shi ya sa kafintan da ya san aiki yake yin komai da shi.

Wanda ba shi da kuɗin akwati yakan cire yadin daga firam ya naɗe. Ana yi, amma fenti ya kalli waje, kuma a naɗe shi a kan bututu mai faɗin santimita 20 ko fiye. In fenti ya kalli ciki matsewa yake yi, ranar warwarewa ya buɗe ya tsage. Zane mai kaurin fenti ba a naɗe shi sam. Aikin gawayi ko na alli kuma kada a sa masa gilashin roba, domin yana jan ƙurar launin ta manne a jikinsa. Tina da banish kada a sa su a jaka, ba a yarda da su a jirgi, a can za a saya.

Duk wannan na yi shi, ba abin da na rage, a tafiyar da har yau take ci mini rai. Ba ta Landan ba ce, wata ce daga baya, bayan rasuwar Baba, a wani gari na Turai da ba zan kira sunansa ba. Akwatin ya isa cikin hunturu. Ƙa'ida ita ce a bar shi a rufe awa 24 a ɗakin da za a buɗe shi, ya saba da ɗumin wurin a hankali, in ba haka ba raɓa za ta sauka a fuskar zane mai sanyi. Matar da ke da gidan baje kolin ta sa aka buɗe shi nan take, wai mai ɗaukar hoto yana jira. Da za a dawo da waɗanda ba a saya ba kuma, aka jefar da kwalin gefen da na yi, aka naɗe su kai tsaye da ledar nan mai ƙurajen iska, ƙurajen suna kallon fenti. Suka kwana a rumbun kaya mai zafi. Babban zanen, wanda na fi so a duk aikin wannan shekara, ya dawo da tambarin ɗigo-ɗigo tun daga sama har ƙasa. Ta ce haka ya zo mata. Ina da takardar duba lafiyar zane da ta sa wa hannu ranar karɓa, da hotunan gaba da baya da kusurwoyi huɗu. Takardar tana nan a ajiye. Ba ta biya ba, ba ta ba da haƙuri ba, kuma na ji har yanzu tana karɓar aikin matasa.

Da na kai wa Malam zanen, ya daɗe yana kallo, ya karkata shi wajen haske, ya ce, "To, ai na faɗa maka. Hannu ya gama, fenti bai gama ba. Ita ba ta sani ba ne." Shi ko da yaushe yana nema wa mutane uzuri. Ni ban gaji wannan hali ba.

Saboda haka maganar takarda nake so duk mai shirin fita da aikinsa ya riƙe. Yarjejeniyar ajiye zane a gidan baje koli ta faɗi cewa zanen naka ne har sai an biya kuɗinsa. Ta faɗi kason gida, wanda a yawancin wurare kashi 50 cikin 100 ne. Ta faɗi wanda zai biya firam, da wanda zai biya dako zuwa da dawowa, domin dawowar ita ake mantawa. In mai saye ya nemi ragi, nawa gida zai iya ragewa ba tare da ya tambaye ka ba, kuma daga kason wa za a cire? Kwana nawa bayan ciniki za a turo maka naka? Inshora kuma a nemi wadda take rufe zane tun daga saukowarsa daga bangonka har dawowarsa, domin akwai wadda take aiki a cikin gidan kawai, hanya ba ruwanta. Abu ɗaya da ya rataya a wuyan mai zane shi ne farashi: abin da gida ya sa, shi za ka faɗa wa wanda ya zagayo ɗakin aikinka. Mai zanen da yake karya farashi a bayan gida, labarinsa ba ya daɗewa bai zaga ba.

Wajen kwastan akwai takardar ATA Carnet, wadda take ba kaya damar shiga ƙasa na ɗan lokaci ba tare da biyan haraji ba. Shekara guda take aiki, ana buga mata hatimi a kowace shiga da fita, kuma ba kowace ƙasa take cikin tsarin ba. An yi ta ne don kayan da za su koma gida, don haka in ana sa ran ciniki, sai wakilin dako ya shigar da su ta wata hanyar. Lissafin da ke jikinta ya dace da abin da ke cikin akwati, suna da girma da adadi.

Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗa sosai. Aiki ne, da koyarwa, da rashin lafiyar Inna, wadda har ta bar duniya ba ta daina tambayata yaushe zan sami aikin yi ba. Kawu ne kaɗai ya taɓa zuwa baje kolina, shi ma firam ya yaba.

Dakar ce ta dawo mini da ƙarfin gwiwa. Bikin zane-zane na Dak'Art duk bayan shekara biyu ake yin sa, kuma ban da babban baje kolin hukuma, gari gaba ɗaya cika yake da ƙananan nune-nune a gidaje da otal-otal da farfajiyoyi. A irin waɗannan wurare kai ne mai zane, kai ne mai rataya. Iskar teku tana da laima, yadi yakan saki ya yi tumbi. A kusurwoyin firam ta baya akwai 'yan katakai masu tsini da ake bugawa don ɗame yadi. Kada a taɓa su ranar isowa. A jira kwana biyu, in bai koma ba a buga kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta, da kwali a tsakanin guduma da yadi. Wanda ya ɗame shi tam a cikin laima, in ya koma busasshen wuri firam ɗin na iya murɗewa. Manyan gidajen tarihi suna riƙe laima a wajen kashi 50 cikin 100 da zafi kusan digiri 20, amma mai zane mai yawo ba kasafai yake samun wannan gata ba. A birnin Banis na Italiya ma, inda aka fara babban bikin zane-zane tun 1895, da kwalekwale ake kai akwatuna, laimar can ba ta raga wa kowa.

Rataya kuma aikin awo ne. Tsakiyar zane ta kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, manya da ƙanana duka a layi ɗaya. Zobba biyu a baya, a kashi ɗaya cikin uku daga sama, kowanne da ƙugiyarsa a bango, ya fi waya ɗaya da take barin zane ya karkace. Fitila ta sauko a karkace, wajen digiri 30, don kada banish ya mayar wa mai kallo da haske a ido. Aikin mai yana ɗaukar haske har lakis 200 (lakis ma'aunin ƙarfin haske ne), na takarda kada ya wuce 50, in ba haka ba launi zai koɗe. Na fi son a bar bango da sarari. Zane 12 da suka sami wurin numfashi sun fi 20 da aka cusa, ko da yake kowane mai zane, har da ni, ji yake kamar an yanke masa yatsa in an ce a mayar da ɗaya akwati.

Malam bai ga Dakar ba. Littafinsa na lissafi ne ya zo hannuna, kuma tsarinsa nake bi: lamba, suna, shekara, irin fenti, tsawo kafin faɗi, inda aka nuna, wanda ya saya. A bayan kowane zane ana rubuta lambar a jikin firam ko a gefen yadin da aka lanƙwasa, da fensir, domin tawada tana iya ratsowa gaba bayan shekaru. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna da zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, wanda aka zana a 1974, aka yi shekaru ba a san inda yake ba, sai a 2017 aka gan shi a wani gida a Landan, aka sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018. A shafin ƙarshe na littafin Malam akwai zane-zane da ya rubuta lambarsu, gurbin mai saye babu komai, kuma ba sa cikin ɗakinsa. Na tambayi Yaya, na tambayi tsofaffin ɗalibai, kowa ya ce bai sani ba. Ina da wanda nake zargi, yana raye, kuma ya san na sani.

Zanen nan mai ɗigo-ɗigo, wani mai gyaran zane ya cire masa banish ya sake shafawa, tambarin ya ragu amma bai tafi ba, domin ya nutse har cikin fenti. Ban sake nuna shi ba, ban kuma sa masa farashi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma Landan da daren buɗewa, da yadda aka manna jan ɗigo na farko, alamar an saya, a gefen aikina.