Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bukkar da Ake Hango Taurari ta Rufinta

'Yan'uwa, salama gare ku. Makon jiya mun tsaya a lokacin da na soma koyar da Littafin Firistoci sura 23 a cikin Littafi Mai Tsarki. Yau zan jingine labarin kaina, domin wanda bai fahimci Idin Bukkoki ba, abin da ke tafe zai shige masa duhu.

Idin yana farawa ran 15 ga Tishri, wata na 7 na Yahudawa, tsakanin Satumba da Oktoba. Kwana 7 ake yi, rana ta 8 kuma tsattsarkan taro. Umarnin shi ne kowa ya bar ɗakinsa ya koma bukka, don 'ya'ya su san a bukkoki kakanninsu suka zauna bayan fitowa daga Masar. Ku lura da lokacin. Sai da aka gama sussuka, aka matse inabi, rumbu ya cika, sannan aka ce mai gida ya fita waje ya kwana. Ƙoshi ne ke sa mantuwa, shi ya sa aka zaɓi kaka.

Malaman Yahudawa sun tsananta a kan rufin. Dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa aka kuma yanke shi, kamar kara ko rassan dabino. Inuwa ta fi rana yawa a ciki, amma an fi so a bar 'yan kafofin da za a hango taurari. Tsayin bukkar kada ya wuce kamu 20, kada ya gaza tafin hannu 10. Wanda ya kafa tasa a gindin itace ya yi aikin banza, don inuwar itacen ya shiga. Manomin da ya taɓa kwana a bukkar gona yana gadin dawa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manzo Bulus ma da alfarwa ya kwatanta jikin nan namu a 2 Korintiyawa 5, abin da ake warwarewa a ƙara gaba.

Hadayun suna Littafin Ƙidaya 29: bijimai 13 ranar farko, ana rage 1 kullum har su koma 7, jimilla 70.

Amma ni a wurina maganar tana ga ruwa. A ƙasar Isra'ila idin yana zuwa ne a ƙarshen rani, rijiyoyi sun ja baya, idon kowa yana sama. A zamanin Haikali na biyu, wato babban ɗakin sujadar Yahudawa a Urushalima, kowace safiya firist yakan gangara tafkin Siluwam da butar zinariya mai cin kimanin lita 1, ya ɗebo, a tarye shi da busar ƙaho, ya zuba a bagade tare da ruwan inabi. An ruwaito cewa wani firist ya taɓa zuba ruwan a ƙafafunsa, jama'a suka jefe shi da lemunan idi da ke hannunsu. Tun daga nan aka riƙa ce wa mai zubawa ya ɗaga hannu kowa ya gani. Haka ruwan nan yake da tsada a zuciyarsu.

To, a ranar ƙarshe, babbar ranar idin, Yesu ya miƙe tsaye ya ɗaga murya ya ce mai jin ƙishi ya zo gare shi ya sha. Yahaya 7:39 ya fayyace cewa Ruhu Mai Tsarki yake nufi. Mutane sun yi mako suna roƙon ruwan shuka, ga wani yana cewa a wurinsa ake sha. Ba mamaki taron ya rabu biyu, dogaran Haikali da aka aiko su kama shi kuma suka koma hannu wofi.

Inda wasu masu bi ke tuntuɓe shi ne mai da bukkar farilla, har su riƙa ganin laifin wanda bai kafa ba. Kolosiyawa 2:16-17 ta hana a hukunta kowa a kan idi, ta kira shi inuwar abin da ke zuwa. Mai so ya kafa don koya wa yara, madalla.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga Farfajiyar Mata ta Haikali mu ga fitilun idin da aka riƙa yi wa lagwani da tsofaffin tufafin firistoci.