Taɓaryar Inna ta zama fitila

Litinin, Maradi.

Yau dai fitilar nan mai tsayuwa a ƙasa ta kammala. Ƙwan da ke rataye a rufin ɗakina yana bayana ne idan na zauna duba takardun ɗalibai, sai inuwar kaina ta rufe rubutun. Fitilun tsaye irin na kanti kuwa na gan su, siririn ƙarfe ne marar nauyi, yaro na gogarsa zai kife.

Da sassafe na biya gidan Inna a Bagalam, na ɗauko tsohon turminta da bakinsa ya tsage, haɗe da taɓaryarsa. Ta bi ni da kallo ta ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da turmin da ba shi daka?" Na ce, "Inna, fitila zan yi." Ta ce turmi kyauta ne, amma taɓarya sai na biya ta da sabuwa.

Dukansu na kiriya ne, kuma dalilin da ya sa na nace musu ke nan. Itace ne mai nauyi da tauri, gara ba ta cika damunsa ba, shi ya sa masassaƙa ke yin turmi da shi, maƙera kuma ke son gawayinsa. Fitila mai tsayi duk sirrinta a gindi yake. In ƙasa bai rinjayi sama ba, kwalliyar banza ce.

Baba kafinta na bakin layinmu ya yanke gindin turmin da zarto, kaurin santimita 20, yana yi yana mita wai kiriya za ta cinye masa haƙoran zarto. Ya huda tsakiya, ya fere kan taɓaryar guda ya zauna daram, ya sa gam. Tsayin duka ya kai mita 1 da rabi. Na so a huda taɓaryar tun daga sama har ƙasa don waya ta ɓuya a ciki, ya yi dariya ya ce, "Malam, ina ka taɓa ganin abin huji mai wannan tsawo?" Sai ya sassaƙa siririn kwari a bayanta, waya ta kwanta ciki. Ni ma daga baya na ga ya fi, don ko wayar ta lalace ba sai an farfasa komai ba.

Kasuwa ce ta cinye mini rana, ga shi yau ranar cinta. Kayan wuta a garin nan biyu suke a cakuɗe. Waɗanda ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa kan zo da filogi mai ƙafa 3 irin na Ingila, bangon gidajenmu kuwa ramuka 2 ne zagayayyu irin na Faransa. Ƙwan ma haka: akwai mai murɗawa, E27, akwai wanda ake dannawa a juya, B22. Mai shago zai miƙo maka mazauni na wannan da ƙwai na wancan, ba da mugunta ba, kai ne za ka buɗe ido. Na gwada komai a gabansa kafin na biya.

Haɗa wayar ban yi da kaina ba. Wutarmu bolt 220 ce, ba a koyo a kanta. Wani ƙanena mai gyaran wuta ya ɗora makunni a kan wayar da ke ɗauke da wuta, ya kuma ƙulle wayar a ƙarƙashin mazaunin ƙwai, yadda ko an fizge ta ba za ta tsinke daga maɗaurinta ba.

Hular fitilar ƙaramin kwando ne na kaba, mai sayarwa ta ce daga wajen Mayahi aka kawo shi, can Gulbin Kaba. Na yanke gindinsa don zafi ya sami mafita ta sama. Da tsohon ƙwai mai zare ne da ban yarda ba, domin mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama, busasshiyar kaba kuwa ba ta da haƙuri. Ƙwan LED mai wat 9 na sa, haskensa kusan na tsohon mai wat 60, kuma na zaɓi mai ruwan ɗorawa, farin nan yana gajiyar da ni.

Baba ya so ya shafe ta duka da fenti mai ƙyalli. Na hana. Tsakiyar taɓaryar, inda hannu ya shekara yana riƙewa, ta yi wani santsi da duhu da fenti ba zai bayar ba. Sanfefa kawai aka bi kawunan da ita, na shafa man kaɗe.

Bayan isha'i ƙaramin yarona ya tura fitilar da gangan, ko gezau. Uwargida ce ta kawo ƙara: ta gwada matsar da ita don shara ta kasa. Gobe zan tambayi Baba ko za a iya sa mata ƙananan tayoyi biyu a gefe guda, a riƙa karkato ta ana ja.