Yadda na daina lissafin wuri da latitud da longitud

Aikin manhaja nake yi daga gida, kuma a lokacin ina rubuta wa wani kamfani tsarin bibiyar jiragen kamun kifi a Tekun Fasifik. Kowane jirgi yana aiko da latitud da longitud ɗinsa, wato lambobin da ke nuna matsayinsa arewa ko kudu da kuma gabas ko yamma, ta tauraron ɗan Adam, manhajata kuma ta haɗa su ta fitar da tsakiyar inda ya wuni. Wata safiya na tarar da saƙon shugaban aikin haɗe da hoton taswira: jirgin da ke kusa da tsibirin Taveuni na ƙasar Fiji ya bayyana a Tekun Atlantika, can yamma da iyakar Angola da Namibiya. Gabana ya faɗi, don wannan rahoton ake miƙa wa masu jirgin.

Na ɗauko takarda da biro na bi lissafin da hannu. Jirgin yana wajen digiri 17 kudu. Da safe longitud ɗinsa 179.9, da yamma ya koma −179.9, wato ya tsallake layin digiri 180 da ya ratsa Taveuni, tafiyar wajen kilomita 21 kawai. Manhajata ta haɗa lambobin biyu ta raba biyu, sai ta samu sifili. Sifili kuwa layin Girinic ne, wanda ya ratsa Landan kuma daga shi ake fara ƙirga longitud, ɗaya gefen duniya ɗungurungum.

Gyaran da na fara yi faci ne: idan bambancin ya haura 180, a ƙara 360. Ya yi aiki a nan. Bayan kwana biyu matsalar ta ɓulla a lissafin nisa, na liƙa wani facin, ta sake ɓulla a zanen hanyar jirgi. Sai na ga ina ta ɗinkin riga ne alhali yadin ne ya ruɓe. Duniya ba ta da tsaga a digiri 180, mu muka sa tsagar a yadda muke rubuta lambobi. Haka ma ƙarshen duniya na arewa da na kudu, inda duk layukan longitud suke haɗuwa, ta yadda longitud ba shi da ma'ana a wurin. Ko faɗin digiri ɗaya na longitud ma ba ya tsayawa: kusan kilomita 111 ne a layin da ya raba duniya arewa da kudu, a latitud 60 ya ragu zuwa rabi.

Cikin bincike na ci karo da maƙalar Kenneth Gade, masani a cibiyar binciken tsaro ta Norway, wadda ta fito a 2010 a mujallar Journal of Navigation. A ciki ya bayyana wata hanyar rubuta wuri da ya kira n-vector. Don in fahimta sosai, na ɗauki lemo na soke shi da tsinken tsire. Kowane wuri a bawon lemon yana da tsinkensa guda ɗaya tak, mai fitowa a miƙe yana nuna waje. Idan ka san inda tsinken ya nufa, ka san wurin. Wannan kibiya ita ce bekta, tsawonta ɗaya, kuma lambobi uku ke bayyana ta: x shi ne cos na latitud sau cos na longitud, y shi ne cos na latitud sau sin na longitud, z kuma sin na latitud (cos da sin ma'aunan kusurwa ne a lissafi).

Na mayar da wuraren jirgin nan biyu zuwa kibiya. Na safe ya ba ni (−0.956, 0.002, −0.292), na yamma (−0.956, −0.002, −0.292). Na daɗe ina kallon lambobin. Wurare biyu da ke maƙwabtaka a teku, ga su maƙwabta a takarda. Na haɗa su, na mayar da tsawon kibiyar zuwa ɗaya, sai ga amsa: digiri 17 kudu, longitud 180. Jirgi ya koma Fiji. A ranar na goge facin nan gaba ɗaya.

Hanyar tana da nata ramukan, kuma na faɗa biyu. Na farko, na manta mayar da tsawon kibiya zuwa ɗaya bayan haɗawa, na ciro latitud da asin, wato lissafin da ke mayar da sin zuwa kusurwa, sai amsa ta karkace. Na biyu ya fi cin rai. Nisa tsakanin wurare biyu shi ne kusurwar da ke tsakanin kibiyoyinsu sau kilomita 6,371, wato nisan cibiyar duniya zuwa doronta, kuma na fara ciro kusurwar da acos, lissafin da ke mayar da cos zuwa kusurwa. Idan jirgi ya tsaya cak, ɗan kuskuren kwamfuta yakan sa lambar ta ɗara 1 da ƙiris, sai acos ya ƙi ba da amsa. Maganin shi ne atan2, wata hanyar ciro kusurwa da take aiki ko wuraren suna manne ko suna nesa. Akwai kuma abin da na sa wa shinge tun kafin ya faru: wurare biyu da ke kishiyantar juna a duniya, haɗinsu sifili ne, ba su da tsakiya guda.

Lemo dai ba duniya ba ne, don duniya ta ɗan baje ta sama da ƙasa. Lissafin nisa da ƙwallo zalla zai iya kaucewa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ga jiragenmu wannan bai dame mu ba, amma da awon fili nake yi, da sai na koma ga WGS-84, ma'aunin siffar duniya da GPS ke amfani da shi.

Yanzu latitud da longitud a bakin ƙofa kawai suke tsayawa a manhajata: su shigo in mayar da su kibiya, in gama lissafi in mayar da su yadda matuƙin jirgi zai karanta. Da na gama aikin, na gwada lambobin a kan abin da ya fi kusa da zuciyata. Na sa kibiyar Kano da ta Ka'aba, na nemi alƙibla, ta ba ni wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas. Na buɗe kamfas ɗin wayata a kan sallaya, na ga can nake fuskanta.