Ƙanzon ƙura a cikin kwamfutar Baba

A shekarata ta farko a shagon gyaran kwamfuta, nan Maradi kusa da babbar kasuwa, cuta ɗaya na sani. Duk na'urar da aka ajiye mini, kafin mai ita ya rufe baki na ce birus ne.

Wata rana cikin Janairu, hunturu ya kankama, maigidana ya tafi Kano sayo kaya. Sai ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga unguwar Zariya, ya rungumo kwamfutarsa ta tebur a kan kabu-kabu.

"Ɗana, takan yi aiki kamar minti ashirin, sai ta kama gurnani, sai ta ɗauke."

"Baba, birus ne. Ku bar ta, gobe ku zo ku ɗauka."

Na kwashe takardunsa a filashi, na goge Windows na sake zubawa. Sau biyu tana mutuwa ina cikin aikin, na ce wutar lantarki ce ke wasa. Da sanyin safiya aikin ya tafi daidai, na karɓi jaka uku ina ta jin kaina. Kwana biyu tsakani Baba ya dawo da ita, ya tarar da maigida.

Maigida bai ma kunna ta ba. Ya kwance kusoshi biyu na baya, ya zare murfin gefe, ya ce in leƙa. Tsakanin fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji da ke zaune a kanta, ƙura ta yi bargo. Ya sa farce ya ɓamɓaro ta ɗungurungum, kamar ana ɓamɓarar ƙanzo a gindin tukunya. Kala biyu ce: akwai ja-ja ta titunan gari, akwai fara mai laushin garin tuwo, ta hunturu. Farar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso mana ita tun daga Nuwamba har wajen Maris. Ba ƙyauren da ke hana ta shiga.

Abin da ban gane ba a da shi ne furosesa wuta take ci, zafi take fitarwa. Ƙarfen yana zuƙe zafin, fanka ta kore shi waje. In ƙura ta toshe haƙoran, zafin ya rasa mafita. Idan ya doshi digiri 100, furosesa ta fara rage gudu da kanta, in abin ya ƙi sai ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Gurnanin da Baba ke ji fanka ce ke ta fama. Wannan fa a hunturu ke nan; da ta kai Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin gari kansa ke haura digiri 40, ko minti goma ba za ta yi ba.

Na ji kunya, sai na so in wanke kaina. Maigida na fita salla na ɗauki akwatin na kai wa mai facin taya, na ce ya buga masa iska. Ƙura ta tashi, fankar baya ta yi ta juyi tana fito, mu duka muna dariya. Da muka kunna, fankar nan sai ƙara take kamar injin markaɗe; gudun ya cinye mata gindi. Ga kuma ɗigon ruwa a kan babban allon da kayan cikinta ke manne a kai, don tankin mai faci yana tara ruwa da ɗan mai. Sabuwar fanka daga aljihuna ta fito.

Tun daga ranar hannuna ya koyi bin abin a hankali. In kashe, in zare waya daga bango, in danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fice. In fitar da akwatin waje, in juya wa iska baya, in rufe hancina. Ko wace fanka sai na riƙe ta da yatsa kafin in sa bulowa, kuma iskar kaɗan-kaɗan, daga nesa. Inda ƙurar ta daskare, buroshin fenti mai laushi ne maganinta. Akwatin wuta kuwa daga waje nake hura shi, ba na buɗewa, don akwai abubuwan da ke riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare waya.

Akwai kuma tartsatsin nan da mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi a hunturu. Mu dariya yake ba mu, amma ya isa ya kashe RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Shi ya sa maigida kan ce, "Kai yaro, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki." In an ɗaga ƙarfen daga kan furosesa, dole a goge tsohon man da ke tsakaninsu, mai kai zafi ga ƙarfen, wanda ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Ni da farko lafta shi nake yi kamar ina shafa wa burodi.

Da aka gama, maigida ya ce in raka Baba gida in haɗa masa. Can na ga tushen abin. Kwamfutar a ƙasa take zaune kan darduma, an matse ta da bango, daf da tagar da ke kallon titi. Hajiyarsa kuma ta ɗinka mata mayafi mai ado, ana lulluɓe ta da shi dare da rana, har lokacin da take aiki.

Na rasa yadda zan faɗa ba tare da na ɓata wa Hajiya rai ba. Na ce, "Mama, mayafin nan ya yi kyau ƙwarai, sai dai a riƙa yafa mata in ta yi barci." Ta yi dariya ta ce to, ashe ita ma zufa take ji. Muka ɗora akwatin kan tebur, muka bar taƙi guda tsakaninsa da bango. Baba ya ɗauko alli ya rubuta a bayan ƙofa: shara a ƙarshen Maris, kafin zafi. Yanzu in lokacin ya yi, jikansa ne ke kawo ta a kan kabu-kabu.